Muhsina da Wayar Kawu Sha'aban

Muhsina taubashiyata ce. Mahaifinta, Malam Sha'aban, wan mahaifiyata ne, don haka tun muna cin ƙasa nake da izinin tsokanarta, kuma babu alƙalin da zai karɓe mini wannan izini. Yau dai ba tsokana na zauna yi ba, ko da yake ban yi alkawari ba.

Garinmu yana gefen hanyar Tsanyawa. Babu daji a wajenmu, gona ce manne da gona, gida manne da gida. Idan ka yi tari a cikin geronka, wani zai ce maka sannu daga cikin gyaɗarsa. A irin wannan wuri Muhsina ta tashi, ita ce ta farko a danginmu da ta wuce sakandare. Ni a aji biyar na sauka, na gwada sayar da albasa, na gwada cajin waya, yanzu babur nake ja kafin in ga abin da zai biyo baya. Ita kuwa ta tafi birni ta karanto kwamfuta. Kowa ya ɗauka ta tafi ke nan, sai ga ta ta dawo, ta auri Ja'afaru malamin firamare, ta kama koyarwa a makarantar 'yan mata. Kwamfuta take koyarwa, amma da alli. Na taɓa leƙawa ta taga na ga ta zana wani abu a allo, na tambaye ta ko ƙwarya ce da wutsiya. Ta ce in ɓace mata da gani.

Halinta guda ɗaya ne ya kamata a sani kafin a ci gaba. Muhsina tana da kunya da kara irin na mutanen da. Idan ka zuba mata gishiri a shayi bisa kuskure, za ta shanye, ta ajiye kofi, ta ce Allah ya saka da alheri. Ni kaɗai take iya zagi a duniya, shi ma don al'ada ta ba ta dama.

Idon Kawu Sha'aban ya fara tafiya a hankali. Da aka kai shi asibitin ido a Kano, suka ce jijiyar ta riga ta mutu, sai haƙuri. Karatu bai dame shi ba, Alƙur'ani yana kansa, littattafan da yake koyarwa ma rabinsu ya haddace. Abin da ya dame shi shi ne waya. Kawu mutum ne da ake yi wa tambaya: rabon gado, saki, idda, rantsuwar da mutum ya yi cikin fushi ya rasa yadda zai fita. Maza suna zuwa zaure. Mata kuwa rubutowa suke yi, domin a garin da dangar kara ce tsakaninka da maƙwabci, babu macen da za ta ɗaga murya ta faɗi matsalar aurenta a waya.

Wata rana da hantsi ya miƙo mini wayar ya ce in karanta masa saƙon da ya shigo. Na karanta layi ɗaya, na tsaya, domin na gane mai maganar. Shi ma ya ji tsayawar tawa.

"Ɗanliti, kawo."

"Kawu, ai ban gama ba."

"Ka gama. Abin da ka gani ka bar shi a nan."

Daga ranar bai ƙara ba kowa wayarsa ba, har da Muhsina. Saƙo ya shigo, ya ji ƙararsa, ya mayar da ita aljihu.

Muhsina ce ta nemo mafita. Ta gano wata manhaja da ke karanta wa makafi abin da ke kan waya, da murya, har da Hausa. Wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban suke haɗuwa ta intanet suna rubuta ta a lokacin hutunsu, kyauta, ba kamfani ba ne. Matsalar ita ce wayar Kawu tsohuwa ce, irin mai ƙaramin gilashi a sama da maɓallai a ƙasa. Ɗansa da ke birni ya taɓa aiko masa da sabuwa, wadda gabanta duk gilashi ne. Kawu ya shafa ta sama da ƙasa ya ce kamar an ce ya nemo ƙofa a jikin bangon da aka shafe da siminti. Ya ba Inna, matarsa, sabuwar. Yatsunsa tsohuwar suka sani.

Masu manhajar sun shirya ta tsaf don sababbin wayoyi, saukewa kawai za ka yi. Masu tsofaffi irin ta Kawu kuwa an bar musu rubutun manhajar ɗanye, an ce kowa ya haɗa da kansa. Yadda Muhsina ta yi mini bayani, waya ba ta jin rubutun mutane. Akwai wata manhaja da ake kira kompaila, aikinta tafinta: ta ɗauki abin da mutane suka rubuta ta juya shi zuwa yaren ƙwaƙwalwar waya. Kowane irin ƙwaƙwalwa da yarensa. Idan tafintar nan ta ci karo da abin da ba ta san yadda za ta faɗa wa tsohuwar waya ba, sai ta tsaya cak, ta zubo jan rubutu, ba ta ba ka komai.

Haka ta yi wa Muhsina. Na same ta a gindin darbejiyar da ke bayan shagon caji, inda sabis ya fi kamawa, ta ɗora tsohuwar kwamfutarta a kan turmi, gilashin ya yi ja.

"Hajiya injiniya, jini take zubarwa ne?"

"Ɗanliti, idan ba ka da fasinja ka je ka taya Inna surfe."

Ta ɗauki makonni a kan jan rubutun nan, tsakanin makaranta da girki da goyo. A ƙarshe ta gano bakin zaren. A wani wuri manhajar tana umartar waya ta ɗauki wata babbar lamba gaba ɗaya a tashi guda. Sababbin wayoyi suna iyawa. Tsohuwar rabi take iya ɗauka, sai an haɗa ta da wani ɗan mataimaki da ke kama mata. Mataimakin yana nan, ba a dai ambaci sunansa ba ne, saboda masu rubutun ba su taɓa buƙatarsa ba. Muhsina ta ƙara layi ɗaya ta ambace shi. Jan rubutu ya ɓace.

Ina wurin aka sa wa Kawu manhajar a wayarsa, aka danna. Wayar ta buɗe baki ta faɗi sunan wanda ya kira shi na ƙarshe, da wata irin Hausa mai sanda. Kawu ya saurara, sannan ya ce, "Wannan ɗan wane gari ne? Kamar Baturen da ya yi shekara biyu a Sabon Gari." Ya sa aka sayo masa iyafis, abin sawa a kunne, a kasuwa. Tambayoyi suka dawo, ya saurara a kunnensa shi kaɗai, ya ba da amsa da murya ƙasa-ƙasa a ƙuryar zaure.

Labari ba ya kwana a wajenmu. Muhammad Auwal, wani makaho mai tufka igiya a Shanono, ya aiko da tasa wayar. Wata dattijuwa a Tsanyawa ta aiko. Daga nan wasu suka biyo baya, kusan dukansu masu tsofaffin wayoyi, domin mai lalube maɓalli yake so. Ranar kasuwa ni nake kwaso wayoyin a jakar babur, Muhsina ta tura musu manhajar ta bulutut, in mayar.

Sai dai aikin ba ya ƙarewa. Manhajar aika saƙo da kowa ke amfani da ita tana canza kama lokaci zuwa lokaci, idan ta canza dole mai karatun ma a sabunta ta, in ba haka ba ta daina gane saƙo. Duk sabon fitowa kuma, Muhsina ta haɗa, kompaila ta tsaya. Wani lokaci a tsohon wurin nan, wani lokaci a sabo. Ta zauna ta gyara a kwamfutarta, ta raba wa mutanenta, ta yi shiru. Masu manhajar suna da dandalin da ake kai musu ƙorafi, kowa yana gani. Ba ta taɓa rubuta ko harafi ba.

Na taɓa tambayarta. Na ce, "Wai ke me ya hana ki gaya musu? Layi ɗaya ne fa. Su sa shi can a wajensu, ki huta."

Ta ce, "Mutane sun hana kansu hutu, sun yi abu fisabilillahi, ba su san ka ba, ba su san ubanka ba. Sai ka buɗe baki a gaban duniya ka ce ga aibin aikinsu?"

"To ai aibin yana nan."

"Idan Inna ta aiko maka da tuwo ka ji gishirin miya bai ji ba, aika yaro kake yi ka gaya mata? Barbaɗawa kake yi ka ci, ka mayar da kwano da godiya."

"Ni aikawa nake yi."

"Shi ya sa har yau ba a ba ka mata ba."

Na yi dariya na bar maganar, domin a lokacin ni ma ban ga abin da shirun zai jawo ba. A wajenmu haka ake yi. Wanda ya yi maka gayya ya bar ciyawa a kunya ɗaya, ba ka kiransa ka nuna masa, da yamma kake komawa ka cire da hannunka.

Daminar bara, ana tsakiyar noma na biyu, sanarwa ta fito a dandalin. Jagoran masu manhajar wani mutum ne da ya sa hoton kyanwa a maimakon fuskarsa, don haka ni Mai Kyanwa nake ce masa. Ya rubuta cikin ladabi cewa sun cire ɓangaren tsofaffin wayoyi gaba ɗaya. Dalilinsa: an daɗe babu wanda ya kawo ƙorafi a kansa, babu wanda ya yi tambaya, babu alamar wani yana haɗa shi. Su a wajensu abin da ake amfani da shi ba ya rasa mai kuka da shi. Tunda shiru ne, sun ɗauka masu irin wayar sun ƙare.

Muhsina ta gwada haɗa sabon. Wannan karon ba layi ɗaya ba ne, jan rubutu ya yi ta gangarowa har ta gaji da bi. Gurbin da take sa gyaranta ma babu shi. Ta bar wa Kawu tsohon, ya ɗan ja kwanaki, sai manhajar saƙo ta canza kama. Daga nan idan saƙo ya shigo, Kawu ya danna, sai Baturen Sabon Gari ya ce, "Babu rubutu." Ya sake dannawa, "Babu rubutu." Rubutu kuwa yana nan, kowa mai ido yana iya gani, abin da Kawu ba ya so ke nan.

Muhammad Auwal ya kira ni daga Shanono yana tambaya ko tasa ce ta lalace. Na ce ta kowa ce.

Dole ta sa Muhsina ta rubuta musu. Ta yini tana shiryawa, ta fassara mini kafin ta tura. Ta fara da sallama. Ta gaishe su da aiki, ta gaida iyalansu, ta yi wa iyayensu addu'a. Ta ce wannan manhaja haske ce ga wanda ya rasa gani, ba ta da bakin godiya. Can ƙasa ta ce akwai wani ɗan ƙaramin abu da ta lura da shi game da tsofaffin wayoyi, amma ba wani abin damuwa ba ne, idan sun sami sarari wata rana su duba, idan ba su samu ba ma babu komai.

Na ce, "Wannan ai wasiƙar neman aure ce."

Ta ce, "Duk mai hankali zai gane."

Bahaushe zai gane, gaskiya ne. Idan mace irin Muhsina ta ce maka akwai ɗan ƙaramin abu, ka san gini ya rufta. Amma Mai Kyanwa ba Bahaushe ba ne. Washegari ya amsa da cewa saƙonta ya faranta musu rai ƙwarai, ya karanta wa sauran, irin wannan ne ke ƙara musu ƙarfi. Ya sa hoton zuciya, ya rufe maganar.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na ɗago na ga fuskarta, sai na tashi na kakkaɓe wandona.

Kawu bai tambayi kowa ba na tsawon lokaci. Amma muna ganin yadda yake yi idan wayar ta yi ƙara a aljihunsa yana tsakiyar ba da karatu: ya ɗan tsaya, ya dafa aljihun, ya ci gaba. Wata rana bayan la'asar, almajiransa manya sun watse, ya sa aka kira Muhsina. Ni ma ina zauren, na fake da gyaran birki a bakin ƙofa.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce ta faɗa masa abin da ke faruwa daga tushe. Ta faɗa, ba ta rage ba.

Ya ce, "Tun yaushe kika san da kuskuren nan nasu?"

"Tun ranar farko, Baba."

"Kika gyara."

"Na gyara."

"A wajenki."

"A wajena."

Ya ce, "Kunyar nan ni na koya miki ita, ba zan zage ta ba. Amma bari in tambaye ki. Liman yana karatu a salla, ya tsallake aya. Kina bayansa, kin san ayar. Me za ki yi?"

"Baba, mata ai ba sa ɗaga murya."

"Kin ji ki da wayo. To a ce ke namiji ce."

"Sai in tuna masa."

"A zuci?"

"A bayyane."

Ya ce yana saurayi, wani azumi, malaminsa yana jan tarawihi ya haɗe aya biyu masu kama da juna. Shi ne a bayansa. Ya san ayar. Ya faɗa, malam ya koma ya gyara, aka ci gaba. Bayan sallama ya zauna yana jiran ko faɗa ko yabo. Malam ya ɗauki takalminsa ya tafi, bai ce masa komai ba, ranar ko wata rana. Kawu ya ce sai daga baya ya fahimci dalili: abin ba na magana ba ne, aikin duk wanda ke cikin sahu ne.

Muhsina ta ce, "Baba, liman namu ne. Waɗannan baƙi ne, ni ba kowa ba ce a cikinsu. Kyauta suka ba ni."

"Ranar da kika sa hannu a aikinsu kika ƙara layi, a wane sahu kika tsaya?"

Ya laluba ya ɗauki butarsa, ya ce, "Ɗanliti, birkin nan naka tun azahar ake gyaransa. Ko shi ma saurare yake yi?"

Washegari ta sake zama a gindin darbejiya. Na ba ta shawarwari masu kyau, irin su ta fara da cewa, "Kai Mai Kyanwa, tashi tsaye." Ba ta ɗauka ba. Amma na ga wahalar da ta sha. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, kamar mai cire ƙaya daga tafin ƙafarta da kanta. A ƙarshe ta bar sallama ɗaya a sama, don ta ce wannan kam ko za a kashe ta ba za ta cire ba. Ƙarƙashinta ta faɗi irin wayar da irin ƙwaƙwalwarta. Ta kwafo jan rubutun kamar yadda yake. Ta ce tun farko manhajar ba ta taɓa haɗuwa a wannan waya ba sai da gyara, ga gyaran. Ta ce akwai makafi daga nan har Shanono da ke rayuwa da ita, ba su bayyana a wajensu ba ne domin ita take haɗawa ta tura musu hannu da hannu. Ta ce mahaifinta ya daina jin saƙonninsa. Ta danna, ta rufe kwamfutar da sauri.

Amsa ta zo, babu faɗa a ciki, babu kuma hoton zuciya. Mai Kyanwa ya ce bai sani ba, ya so a ce ya sani tun da wuri. Wani daga cikinsu ya shigo ya ce shi bai yarda a dawo da ɓangaren ba: babu mai irin wayar a cikinsu, ba za su iya gwada abin da ba su riƙe ba, kuma su ma aikin ya yi musu yawa. Muhsina ta ce mutumin yana da gaskiya. Aka yi ta kai da kawo a dandalin. Abin da suka tsaya a kai shi ne za a dawo da shi bisa sharaɗi. Sai an sami mutum guda da zai ɗauki nauyin tsofaffin wayoyi, a rubuta sunansa a fili. Kafin kowane sabon fitowa shi zai haɗa ya gwada. Duk inda kompaila ta tsaya ya kawo rahoto nan take, kowa ya gani, kada ya gyara a ɓoye. Idan aka ji shi shiru, za a sake cirewa.

Sunan a fili ne ya tsaya mata a wuya. Ta kai maganar wajen mijinta. Ja'afaru mutum ne mai sanyi, yana ɓare gyaɗa ya ce, "Sunanki kullum yana bakin 'yan mata ɗari a makaranta, ban ga ya ragu ba. Data dai ki riƙa saya da wuri." Ta karɓa.

Na ɗauka daga nan sai murna, ashe aikin ne ya fara. Mayar da abin da aka cire ya fi cirewa wuya, domin an yi gini a kan gurbin. Su gyara can, ta haɗa nan, ta tsaya, ta aika jan rubutu. Su sake, ta sake. Wani lokaci hadari ya ɗauke sabis, wani lokaci sola ba ta cika batir ba. Gero ya yi kai, ya nuna, aka fara yanka, ana nan ana abu ɗaya. Ina lura da saƙonninta suna gajarta. Na farko-farko sai ta ba da haƙuri sau uku kafin ta faɗi matsala. Daga baya ya koma sau ɗaya.

Har ita ma aka taɓa ta. Mutumin nan da ya ƙi yarda da farko ya duba ɗaya daga cikin tsofaffin gyare-gyarenta, ya rubuta a gaban kowa cewa ba daidai ba ne. Ta rufe bakin kompaila ne kawai, matsalar tana nan a ciki, kuma ita ce ke sa wayar ta ɗauke wuta idan saƙo ya yi tsawo. Gaskiya ne, wayar Kawu takan yi haka, mu duka mun ɗora wa batir laifi. Da na je tsokana Muhsina ta ce, "Ko sannu bai ce mini ba, Ɗanliti. Kawai ya ce ba daidai ba ne."

"Ya yi ƙarya?"

"Bai yi ba." Ta ƙara da cewa, "Da na nuna tun farko, da tuni wani ya gani. Shekara nawa wayar Baba tana mutuwa a hannunsa, ni ina ganin na iya."

Yanzu idan ka buɗe shafin manhajar, can ƙasa inda aka jera masu kula da kowane ɓangare, akwai sunanta kusa da na tsofaffin wayoyi. Har yau da alli take koyarwa. Har yau idan ka zuba mata gishiri a shayi za ta shanye. Na gwada.

Ranar da abin ya haɗu, da safe ne, ana ɗaurin dammunan gero. Kompaila ta yi ta aiki har ta kai ƙarshe ba ta tsaya ba. Muhsina ba ta yi guɗa ba, ta dai sa mayafi ta nufi gidansu, na bi ta a baya ina tura babur. Ta karɓi wayar Kawu, ta juya gilashin ƙasa don kada idonta ya faɗa kan abin da bai shafe ta ba, ta tura, ta miƙa masa. Ya danna. Muka ga ya gyara zama. Ya ɗaga mana hannu, muka fita.

Saƙonnin damina guda ne suka taru. Tun hantsi yake ciki har aka kira azahar. Muna jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa, ya yi shiru, ya sake magana. Da ya fito alwala, Muhsina ta matso ta ce, "Baba, tana karantawa daidai?"

Ya ce, "Tana karantawa. Allah ya yi miki albarka." Ya tsaya riƙe da buta. "Yawancinsu sun jira. Wasu sun tambayi wani. Akwai guda ɗaya da ba ta da wanda za ta tambaya, ta jira, ta gaji, ta yi abin da take ganin shi ne daidai. Ba shi ba ne."

Muhsina ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Ba ke kika ba ta fatawa ba, kada ki ɗauki abin da ba naki ba. Amma wannan ba ta waya za a gyara ba."

Bayan salla ya ce in tayar da babur. Ya faɗi sunan wata 'yar unguwa da ke bayan fadama, ya ce in sauke shi a bakin masallacinsu. Muka bi ta cikin gonaki, kara yana dukan gwiwarmu. Da muka isa ya sauka, ya daidaita sandarsa.

Na ce, "Kawu, in riƙe maka hannu zuwa gidan?"

"Ƙafata ta san garin nan tun ba a haifi uwarka ba. Ka juya babur ɗinka ya kalli gabas, kai ma ka kalli gabas."

Na juya. A gabas gonar wake ce, wasu mata biyu suna tsinka, akuya tana jan ganye ta ƙarƙashin shinge. Ina jin ƙarar sandarsa a bayana tana nisa, ta lanƙwasa wani lungu, ban san na dama ba ne ko na hagu. Na kashe injin, na zauna jira.